In Filta Ta Cije A Bakin Kyamara

A cikin kayan aikin mai ɗaukar hoto babu abin da ya kai filta araha, babu kuma abin da ya kai ta iya tsai da aiki cik idan ta ga dama. Filta dai wani ɗan faifan gilashi ne mai zoben ƙarfe, wanda ake murɗawa a bakin idon kyamara, watau bututun nan mai gilasai da haske ke bi ya shiga ciki. Wata aikinta kare idon daga ƙura da ƙarzuwa, wata kuwa rage ƙyallin rana a bisa ruwa ko gilashi. Faɗinta a rubuce yake a bakin idon: milimita 49, ko 52, ko 58, ko 77. Tsofaffin ma'aikata waɗanda suka yi zamani da Pentax K1000, wadda ta fito a 1976, sun san 49 kamar yunwar cikinsu, masu Nikon kuwa 52.

Dalilin cijewarta yana cikin siraran layukan nan da makanikai ke kira tiredi. A yawancin filta, tsakanin layi da layi bai kai milimita ɗaya ba, kashi uku ne cikin huɗu nata, saboda haka ƙwayar rairayi guda ta isa ta toshe hanya. Ƙasar Hausa kuwa ba ta rasa ƙura, musamman daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da iskar hunturu ke kwaso ta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Bugu da ƙari, akasarin zobban nan da alminiyam ake yin su, shi kuwa ƙarfe ne mai taushi, wanda in ya goga da ɗan'uwansa sai su kama juna.

Wani matashi mai ɗaukar wa jarida hoto, mazaunin Agege ta Ikko, ya ga wannan da idonsa wata shekara da aka tura shi Kano hawan Salla. Ran Hawan Daushe da yamma, yana tsugune kusa da Ƙofar Kudu, sai kofaton doki ya fallatso tsakuwa ta sami filtar, ta tsaga ta gida biyu. Filta ta yi aikinta, gama da ba ta nan, gilashin idon ne zai sha dukan. Amma daga nan duk hoton da ya ɗauka ta fuskar rana sai ya fito da wani farin zane a tsakiya. Washegari da safe Hawan Nassarawa, edita yana jira, idon kuwa shi kaɗai gare shi, bai ma gama biyan bashinsa ba.

Da ya koma masauki sai ya kama zoben da yatsu biyu, ya murɗa iya ƙarfinsa. Ko gezau. Ya sa bakin riga ya ƙara matsawa har yatsunsa suka yi ja. Masu ba da shawara suka taru, wannan ya ce a kawo filaya, wancan ya ce a ɗiga man keken ɗinki. Allah Ya taimake shi, mai masaukinsa ya hana, ya kai shi wurin wani dattijo mai gyaran agogo da kyamara a cikin birni.

Dattijo ya jujjuya idon a ƙarƙashin fitila, ya ce, "Samari, da me ka kama ta?"

Ya ce, "Da hannu ne kawai, Baba."

Dattijo ya ce, "To, hannun naka ne ya ƙara ɗaure ta. Zauna ka gani."

Abin da tsohon nan ke nufi shi ne, zoben filta siriri ne ƙwarai. In an matse shi ta gefe biyu sai ya bar da'irarsa ya koma siffar ƙwai, ko da ido ba ya gani, sa'an nan sassan da suka bullutso su daɗa cusa kansu cikin tiredin idon. Watau iyakar matsawarka, iyakar cijewarta.

Sai ya cire idon daga jikin kyamara, ya share kewayen zoben da ɗan buroshi, ya manna salatif a kan tsagar don kada ɓarɓashin gilashi ya zuba ciki. Ya shimfiɗa wani yanki na robar cikin tayar mota a kan tebur, ya kifa idon a kai, bakin zoben ya zauna daram. Ya riƙe gangar idon ta can gaba, nesa da zoben saita hoto, domin kada ƙarfin murɗawa ya bi ta kayan ciki ya karya su. Ya danna kaɗan, ya juya hagu yadda ake buɗe murfin kwalba. A karo na uku aka ji ɗan ƙas, filta ta saki. Roba ta kama zoben ta ko'ina daidai wa daida, ba wurin da aka matse. Saurayin ya ɗauki Hawan Nassarawa da ido tsirara, yana kāre shi da tafin hannu in dawaki sun taso.

Mai karatu da irin wannan ta sama, akwai matakai, kuma gara a bi su daga mai sauƙi. Na farko, robar ɗaure kuɗi mai faɗi a kewaye zoben da ita, a juya da yatsu duka biyar ba tare da matsi ba. Na biyu, dabarar dattijon nan, ko da da tafin sabon silifa ne. Na uku, akwai wata 'yar sifanar roba da ake sayarwa musamman domin wannan aiki. In filtar mai rage ƙyalli ce, a lura zobe biyu gare ta: na gaba juyawa kawai yake yi, na baya shi ne mai tiredi.

Sanyi ma yana taimakawa. Sandar alminiyam mai tsawon mita ɗaya takan ƙaru da wajen milimita 2.3 in zafinta ya hau da digiri 100, takan kuma tsuke in ya sauka. Zobe mai milimita 52 da aka sanyaya da digiri 20, tsukewarsa ba ta kai kaurin gashin kai ba, amma da yake filta a cikin bakin idon take zaune, wannan ɗan kaɗan yakan isa. Sai dai a ɗora ƙanƙara cikin leda a kan zoben kaɗai, a goge raɓa nan da nan, gama danshi in ya shiga ido yakan haifar da fumfuna a kan gilasai. Mai kuwa kada a kusantar da shi, don yakan silale ciki ya ɓata gilasan da hannu ba ya kaiwa.

In zoben ya lanƙwashe saboda faɗuwa, to, magana ta wuce gida. Masu gyara sukan cire gilashin filtar a hankali, su yanka zoben da ƙaramin zarto, su lanƙwasa shi ciki har ya rabu da tiredi. Kuskuren milimita ɗaya a nan ya isa ya ƙarje gilashin da ya ninka filtar kuɗi sau da yawa, a zo ga abin da Hausawa ke cewa, garin neman gira an rasa ido.

Rigakafin kuwa ba ya cin ko kwabo. A share tiredi kafin a ɗaura, a fara juyawa baya kaɗan har layukan su hau juna, a tsaya da zarar ta zauna. A goga bakin fensir a kan tiredin, domin baƙinsa yana sa santsi ba tare da maiƙo ba. Mai hali ya sayi filta mai zoben tagulla, wadda ba ta cika kama alminiyam ba. Lokacin hunturu kuma a riƙa kwance ta ana sharewa a kai a kai.

Abin da ya fi wuya a cikin duka wannan shi ne mutum ya sassauta hannu a daidai lokacin da zuciya ke ce masa ƙara ƙarfi, edita na jira, rana na faɗuwa. Mai aikin da kayansa suka fi albashinsa na watanni tsada ba shi da halin fushi da su. Allah Ya ba ma'aikata haƙuri, Ya tsare musu abin neman abincinsu, amin.