Tsakaninmu: Idan Gani Ya Fara Ja da Baya

To, tunda Maman Biyu ta yarda da mu har ta faɗa mana abin da likita ya ce game da idon maigidanta, bari ni ma in buɗe muku cikina. Amma zancen nan a ɗakin nan zai tsaya, don Inna, mahaifiyata, ba ta son a riƙa yawo da maganar idonta gidajen biki. Kun daɗe kuna tambayata me ya sa ta rage fita suna da gaisuwar mutuwa, ina ce muku jiki da jini. Ba tsufa ne kaɗai ba. Hawan jinin ido ne, gulakoma, irin wanda aka ce Baban Biyu na da shi.

Share hawayenki, 'yar'uwa. Ba zan yi miki daɗin baki ba, amma akwai abin yi da yawa.

Yadda likita ya yi mana bayani, a cikin ido akwai wani ruwa da jiki ke samarwa kullum, yana fita ta wata 'yar magudana. In magudanar ta fara toshewa sai ruwan ya taru, ya riƙa danne jijiyar da ke kai saƙo daga ido zuwa ƙwaƙwalwa. Awon mai lafiya yakan tsaya tsakanin 10 zuwa 21. Na Inna ya haura 30 ranar da aka fara auna ta, alhali awon jininta na hannu lafiya lau. Ba ciwo, ba ja, ba ƙaiƙayi. Kuma abin da jijiyar ta rasa ba ya dawowa. Nan ya bambanta da yana, wadda ake cirewa a sa wani ɗan gilashi a madadinta, washegari mutum ya ga jikokinsa tar.

Daga gefe yake farawa, kamar yadda gara ke cin zana tun daga baki kafin ta iso tsakiya. Inna tana iya zura zare a allura, amma ta juya ta yi tuntuɓe da butar da ke gefen ƙafarta. Wata maƙwabciyarmu ta yi fushi da ita har ta daina shigowa, wai ta wuce ta a bakin famfo ko kallo. Wallahi ba ta gan ta ba. Saboda haka in kin ga Baban Biyu ya karanta saƙo a waya amma ya kasa ganin kofin da kika ajiye masa a gefe, kada zuciyarki ta raya miki cewa da gangan yake yi.

Hajiya, kin ce ke idonki garau. Haka kowa ke cewa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa cikin 'yan shekara 40 zuwa sama, kusan mutum 5 cikin 100 na ɗauke da wannan ciwo, kuma cikin masu shi waɗanda suka san suna da shi ba su kai 6 cikin 100 ba. Ɗaya cikin biyar ya riga ya makance. Yana bin jini kuma. Ni da yayyena duk mun je an auna mu, kuma duk shekara muna komawa. Maman Biyu, ki gaya wa 'yan'uwan mijinki, shaƙiƙai, su je a duba su ko da ba sa jin komai. Ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga Asibitin Ido na ECWA a Sabon Garin Kano da ke aiki tun 1943, ga sashen ido a asibitocin koyarwa. Ke kuma Anti mai ciwon suga, ki sani suga ma na lalata bayan ido a ɓoye, a riƙa duba miki shi sau ɗaya a shekara.

Maganin ɗigawa shi ne wurin da yawancin mutane ke karaya, don ba ya ƙara gani, tsare abin da ya rage yake yi. Sai mutum ya ce, “Wata uku ina ɗiga abin nan ban ga wani sauyi ba,” ya jefa kwalbar a aljihun gado. Rashin sauyin nan shi ne nasarar. Mu mun ɗaure wa Inna nata da lokutan salla: mai sau biyu bayan asuba da bayan magariba, mai sau ɗaya bayan lisha. Da azumi muka mayar da shi sahur da shan ruwa, da sanin likita. Ɗigo ɗaya ya isa. Ta rufe ido, ta danne kusurwar da ke jikin hanci na minti ɗaya ko biyu, in kwalba biyu ce a bar minti biyar tsakani. In Baban Biyu yana da asma ki faɗa wa likita tun kafin a rubuta, don irin su timolol na iya tayar da ita. Kuɗin kuwa ba wasa ba ne, shi ya sa muka raba watanni tsakaninmu 'ya'yanta, kuma ba ma jira kwalba ta ƙare kafin a sayo wata.

In an ce aiki, kada ku gudu. Na san labarin da ke yawo, wai wane an yi masa aiki ya ƙarasa makancewa. Sau da yawa sai da gani ya kusa ƙarewa aka kai shi. Masu ba da shawara kuwa za su yi miki sallama safe da yamma: wannan ta ce ruwan albasa, waccan ta ce wani kwalli na musamman, wani ya ce ya san mai tura yanar ido da tsinke. Binciken nan da na faɗa ya nuna cewa cikin idanun da aka yi wa irin wannan turin na gargajiya, kusan 7 cikin 10 a makance suka zauna. Har maganin jan ido da ake saya a kemis ba takardar likita, akwai mai ƙara hawan jinin ido in an daɗe ana sa shi. Ki yi musu godiya, ki ce kuna kan na asibiti.

Abin da na fi son ku ji shi ne wannan, don likita ba zai zo gidanku ya gani ba.

Da labari ya bazu a dangi, sai kowa ya tashi da tausayi. Aka ce Inna kada ta ƙara shiga kicin. Aka karɓe kuɗin adashin da take riƙe wa matan unguwa. Ta tashi ɗauko ruwa a ce, “Zauna, Inna, a kawo miki.” Duk da kyakkyawar niyya aka yi. Ba a jima ba matar da ke tashin gida tun assalatu ta koma zaman ɗaka, ta rage magana, abinci sai ta tsakura. Wata rana bayan la'asar na same ta zaune a bakin gado tana shafa ƙullin makullan sito da babu mai tambayarta su kuma. Ta ce da ni, “'Yar nan, ido ne ya tafi, amma kun mai da ni kamar hankalin ma ya bi shi.” Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Zama muka yi da ita, aka tambaye ta me take so a mayar mata. Ta ce a koma neman makullan sito a wurinta. Ta ce damun fura da haɗin turaren wuta, tunda hanci ne da hannu ke yin su. Ta ce kitson jikoki. Wuta da tafasasshen mai ne kawai aka amince wani zai tsaya mata a kai. Lissafin adashi kuwa da ka take yinsa dama, wata jika ce ke rubuta mata. Da kun ga yadda ta murmure.

Namiji nasa ya fi tsanani ta wata fuskar, Maman Biyu, don girmansa a ɗaure yake da fita da nema. Ki bar masa hukuncin gidansa. Kuɗin cefane ya fito daga hannunsa ko da ke kika ƙirga. In baƙo ya tambaye ki, “Yaya jikin nasa?” alhali ga shi zaune, ki ce, “Ga shi nan, tambaye shi.” Ki sa amininsa ya riƙa biyo masa zuwa masallaci da majalisa, don ranar da ya daina fita sai an sha wuya kafin ya koma. Maganar tuƙi ce mai ɗaci. Wanda gefen ganinsa ya tafi ba zai hango yaro ko ɗan acaɓa da ya ɓullo daga lungu ba. Kada ki ɗauki wannan faɗan ke kaɗai, ki bari likita ya faɗa masa da bakinsa, yayansa na zaune.

A cikin gida doka ɗaya ce babba: kowane abu ya kwana inda ya saba. Mai irin wannan larura da hadda yake tafiya, ya san taki nawa ne daga gado zuwa ƙofa. Ki matsar da kujera don shara ki manta, kin haƙa masa rami. Ƙofa ko a buɗe ta gaba ɗaya ko a rufe, rabi-da-rabi ita ke fasa goshi. Turmi, bokiti, takalman yara, igiyar shanya mai ƙasa-ƙasa, duk a kawar daga hanya, rijiya kuma da murfinta. Mun shafa farin fenti a bakin dakali da matakala, mun ƙara fitila a hanyar bayi, muna zuba mata tuwon shinkafa a kwano mai duhu don ta rarrabe. In kin ajiye abinci ki ce, “Miya na damanka, ruwa na hagu.” Kalmar “ga shi can” ba ta da amfani a wurinsa.

In kin shiga ki yi sallama ki faɗi sunanki, ki hana yara wasan nan na “canki ko wane ne”. In za ki fita ki ce kin fita. Ba abin da ke ƙona wa Inna rai kamar ta yi ta zuba hira sannan ta gane ɗakin ba kowa. A hanya kuma kada ki ja shi ta hannu ko ta riga. Shi zai riƙe gwiwar hannunki, kina gaba da rabin taki, kina faɗa masa, “Kwata a gaba,” “Hawa biyu.”

Kun san abin da ke hana masu wannan larura barci? Hoton da muka taso da shi: makaho da sanda da ɗan jagora da ƙoƙon bara. Shi Baban Biyu ke hangowa in ya yi shiru. Ki tuna masa Abdullahi ɗan Ummi Maktum, ladanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ake bar wa jagorancin salla a Madina in an fita. Ki tuna masa Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, da Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama da digirin girmamawa. Tun 1953 akwai makarantar makafi a Gindiri, kuma a 2019 an sa hannu kan dokar da ta haramta nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, har a wurin aiki. In ma'aikaci ne kada ya yi gaggawar ajiye aiki. Wayar da ke hannunsa ma tana magana: a Android akwai TalkBack, a iPhone akwai VoiceOver, suna karanta masa abin da ke kan allo. Ya koya tun yana da sauran gani, ya fi sauƙi. Farar sanda ma haka, kodayake sai a hankali, don kunyarta ake ji da farko.

Ku ɗan matso, wannan ko a dangi ba kowa ya sani ba. Wani dare Inna ta riƙe hannuna ta ce tana ganin zanen furanni a bango, wani lokaci har da wasu ƙananan mutane suna wucewa shiru, kuma ta san ba gaskiya ba ne. Ta daɗe tana ɓoyewa, tsoro take kada a ce aljanu ko taɓin hankali. Da muka gaya wa likita sai ya ce sananne ne ga masu raunin gani: in ido ya rage aika hoto, ƙwaƙwalwa kan ƙirƙiro nata. Wani mutumin Suwizalan, Charles Bonnet, ya bayyana shi tun 1760 a kan kakansa, sunansa ma ake kiran abin da shi. Jin haka kaɗai ya sauke mata kaya. In maigidanki ya taɓa faɗa miki makamancin wannan, kada ki firgita a gabansa, ku kai wa likita.

Zai yi fushi, zai yi faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba, wata rana ya ƙi magana. Kada ki yi saurin rufe masa baki da “a yi haƙuri”. Ya san haƙuri, ya san ladan da aka yi wa wanda ya rasa idanunsa alkawari. Wani lokaci so yake kawai ya ce, “Ina jin tsoro,” a saurare shi har ya gama. In kin ga ya daina ci, ya daina barci, yana cewa rayuwarsa ba amfani, wannan ma ciwo ne da ake kai wa asibiti.

Ke ma za ki gaji, kuma ba laifi ba ne. Ki raba nauyin da danginsa tun yanzu, ki faɗi abin da kike buƙata ƙarara, don mutane na son taimakawa amma ba su san ta ina ba. Abu ɗaya nake roƙonki: kada a cire ko ɗaya cikin 'yan biyun daga makaranta don ya zama ɗan jagora.

Yaushe ne komawarku asibiti? To, ki zuba duk kwalaben a leda ki tafi da su. Ki tambayi likita awon nawa ne a kowane ido, nawa yake so ya sauka, kuma yaushe za a sake gwajin gefen gani. Ki rubuta a littafi ɗaya da kwanan wata. In an ɗiga masa maganin buɗe ido zai yi 'yan awoyi yana gani dishi-dishi, don haka ku nemi mai kai ku ya dawo da ku. Yaran kuma ni zan ɗauko su daga makaranta, su ci abincin rana a wurina.