Creek Town: Zamanin Da Sarki Yake Tafinta A Wurin Wa'azi

Wanda ya san Kalaba ta yau, da manyan titunanta da unguwar Hausawa ta Bogobiri, da wuya ya yarda cewa an yi zamanin da wani ƙaramin gari na bakin ruwa yake kafaɗa da kafaɗa da ita. Garin shi ne Creek Town, wanda mutanen Efik ke kira Obio Oko, a ƙaramar hukumar Odukpani ta jihar Kuros Riba. Yau ya koma ƙauye, amma cocin Furesbiteriya da ke cikinsa na cikin mafi daɗewa a Najeriya, kuma tarihinsa yana ratsa zuciyata.

Asalin abin daga Jamaika ne. Bayan an 'yanta bayi a can a 1838, ikilisiyoyin 'yantattun suka ƙudura kai bishara ƙasar kakanninsu. A watan Afrilun 1846 Fasto Hope Waddell ya iso Kalaba da 'yan rakiya kaɗan, ciki har da baƙaƙen fata 'yan Jamaika da Samuel Edgerley, mai aikin ɗab'i.

A lokacin kwalekwale ne hanya, manja kuma shi ne arziki. Sarkin Creek Town, Eyo Honesty na Biyu, babban attajirin manja ne mai jin Turanci. Kafin a gina coci, a farfajiyar gidansa ake taruwa ranar Lahadi. Waddell ya yi magana, sarki da kansa ya juya ta zuwa Efik, wani lokaci ma ya tsaya ya yi muhawara da mai wa'azin a gaban jama'a. Har ya rasu a 1858 bai karɓi baftisma ba, amma bai rufe ƙofarsa ba. Wannan ne abin da nake ƙauna a zamanin: mutum biyu da ba a kan komai suka yarda da juna ba, suna zama wuri ɗaya kowane mako, kowa na sauraron ɗan'uwansa.

Zaman bai tafi a banza ba. A 1850 ƙungiyar Ekpe, mai kafa doka a ƙasar Efik, ta haramta kashe bayi da mata a jana'izar manya, kuma Sarki Eyo na cikin waɗanda suka tsaya wa dokar. Rayukan da suka tsira ba su da adadi a rubuce, amma jikokinsu suna nan.

Sai kuma haƙuri. Shekara 7 ana wa'azi ana koyar da yara, ba a yi wa ko mutum ɗaya baftisma ba. Sai a 1853 aka yi wa Esien Esien Ukpabio, wanda a 1872 ya zama ɗan ƙasa na farko da aka naɗa fasto a wannan ɗariƙa. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, kuma ɗan mishan Hugh Goldie na cikin masu dafa shi. Ya zo a 1847, ya duƙufa kan harshen mutanen, ya tsara ƙamus, ya fassara Sabon Alkawari zuwa Efik aka buga a 1862, ya ci gaba da zama cikinsu har ya rasu a 1895. Ta haka yaron ƙauye ya fara karatu da harshen da uwarsa take yi masa magana da shi.

Daga wannan gari ne kuma Mary Slessor, tsohuwar ma'aikaciyar masaƙa a Dundee ta ƙasar Sikotilan, ta shiga kwalekwale a 1888 zuwa Okoyong, inda ta shahara da ceton tagwaye da iyayensu mata.

Tsarin cocin ma ya dace da ƙauye. Ba bishop a kansa; dattawan da jama'a suka zaɓa su ke riƙe da shi tare da fasto. Dattijon ikilisiya ya san gidan da ba a hura wuta ba, ya san yaron da ya daina zuwa makaranta, ya san ma'auratan da ke bukatar sulhu. Manufar ke nan tun farko: a yi ibada, a koyar da karatu, a tsare rai.

Da ciniki da mulki suka tattara a Kalaba, matasa suka bi su, kamar yadda ake yi a kowane ƙauye. Ba garin kaɗai nake jimami ba, har da irin mutanensa: sarkin da zai fassara maganar da bai gama yarda da ita ba, da malamin da zai ƙarar da shekara kusan 50 a kan harshen wasu. Najeriya ta yau, mai addinai da harsuna barkatai, ta fi kowane lokaci bukatar irinsu.