Sule shida na Huddersfield da ɗan kokawar Kiru

A ranar 19 ga Nuwamba, 2022, na zauna a falo ina kallon wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta ƙwallon zari-ruga, samfurin da ake yi da 'yan wasa goma sha uku a kowane ɓangare. Ostireliya ta doke Samowa da maki 30 da 10 a filin Old Trafford na birnin Manchester. Maiɗakina ta leƙo, ta ga ƙarti suna kayar da juna, ta tambaye ni ko kokawa ce aka haɗa da gudu. Ban ga laifin fassararta ba.

Samowa ce ta tsaya mini a rai. Mutanenta ba su wuce dubu ɗari biyu da 'yan kai ba, alhali ƙaramar hukumar Kiru kaɗai, inda aka yanke cibiyata, ta zarce wannan adadi tun a ƙidayar 2006. Gaskiya ne cewa yawancin 'yan wasan a Ostireliya da New Zealand suka tashi, amma a can ɗin ma sun tsaya ne domin wasan yana ciyar da su.

Wannan batu na ciyarwa shi ne asalin wasan. A ranar 29 ga Agusta, 1895, wakilan ƙungiyoyin arewacin Ingila suka taru a garin Huddersfield suka ɓalle daga uwar hukumar zari-ruga. 'Yan wasansu leburori ne, masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙu, waɗanda duk ranar da suka fita fili sai sun yi asarar ladan yini. Manyan Landan, da ba su san zafin wannan asara ba, suka ce karɓar kuɗi yana zubar da darajar wasa. Sabuwar hukumar ta amince a biya ɗan wasa har sule shida a madadin yinin da ya rasa. Daga wannan sule shida aka taso har aka kai ga gasar duniya ta farko a Faransa a 1954. Da na fara karanta tarihin, ma'adinan Riruwai ne suka faɗo mini, domin mai haƙa a Doguwa zai fahimci hujjar mai haƙa a Yorkshire ba tare da tafinta ba.

Ina da ɗan baffa wanda a ƙuruciyarmu, idan kaka ta yi aka buga ganga, samun mai kai bayansa ƙasa sai an tona, daga Kwanar Dangora har ƙauyukan Tudun Wada. Wata shekara aka gayyace shi sansanin tantance 'yan kokawa a cikin birni na mako biyu, babu alawus, babu kuɗin mota. Lokacin kuwa ya zo daidai da ƙwadagon noman rani a gonakin da ruwan Tiga yake shayarwa, ga amarya a ɗaki, ga tsohuwa. Ya ce mini, “Yaya, takardar yabo ba ta auna masara.” Bai je ba. Ni da nake jami'a a lokacin na yi masa dogon wa'azi a kan kishi da buri, wa'azin da har yau nake jin kunyarsa.

Najeriya ta ɗauki kofin zari-ruga na Afirka da Gabas ta Tsakiya a Legas a 2019, ta sake ɗauka a Ghana a 2022. Ban ji an yi zancen a majalisar ko mai shayi ɗaya a Bebeji ba, kuma ba na kira a kawo mana wasan Bature mu ajiye langa da kokawa. Roƙona ga shugabannin ƙananan hukumominmu huɗu ƙarami ne: duk matashin da aka kira gasa, a biya shi ladan yinin ƙwadagonsa kafin a yi maganar riga da kofi.

Ɗan baffan nawa yanzu dako yake yi, buhu biyu yake ɗauka a tashi ɗaya. Babban ɗansa ya fara kayar da sa'o'insa a dandali, kuma uban ya hana shi.