Ga ƙannena masu zaman jiran admishan

Tsakanin ranar da ɗalibi ya ajiye biron WAEC da NECO da ranar da zai shiga lacca ta farko a jami'a, watanni ne masu yawa, wani ma shekara cur. Waɗanda suka riga suka shiga su ma ba su tsira ba. Yajin aikin ASUU na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu, ba a janye shi ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas ke nan a gida, waya a hannu, data tana ƙonewa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙwazon yana nan, inda ake zuba shi ne matsalar. Mun ga yadda matasanmu suka kwana suna dangwalar waya a kan wasan Hamster Kombat a 2024, da aka zo rabo kuma akasarinsu abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Wanda ya iya wannan naci, wallahi zai iya gama kwas.

Kuma kwasa-kwasan suna nan kyauta. Darasin CS50 na jami'ar Harvard, wanda David Malan ke koyarwa, yana YouTube daga farko har ƙarshe, an tsara shi ne don wanda bai taɓa rubuta manhaja ba. Khan Academy na da lissafi tun daga tushe. Jami'ar NOUN ta ɗora littattafan kwasa-kwasanta a shafinta, kowa na iya saukewa. In data ce damuwa, sayi ta dare mai rahusa, ka sauke darussa, da rana ka zauna da littafi da biro. Mai shirin sake JAMB kuwa ya tuna tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta ta. Kada ranar jarrabawa ta zama ranar da zai fara taɓa kibod. Amma don Allah a ɗauki kwas ɗaya a kai shi ƙarshe. Taura biyu ba ta taunuwa.

Wanda na fi so in ga kun rungume shi ne Wikipedia ta Hausa. Ku nemi sunan garinku a ciki. Sau da yawa layi biyu za ku tarar, ko babu komai: ba tarihin sarautarsa, ba ranar kasuwarsa, ba malamansa. Wa muke jira ya rubuta mana? Da wayarki, ƙanwata, za ki buɗe asusu ki fara. A nan mutum ke koyon bambanta jita-jita da hujja, domin duk abin da ka rubuta sai ka nuna littafi ko jaridar da ka samo shi. Nan ne kuma hannu ke sabawa da ɓ da ɗ da ƙ, da raba kalmomi daidai, abin da hirar WhatsApp ta lalata mana. Wannan horon shi za ka tarar yana jiranka ranar rubuta furojet a ajin ƙarshe.

Sabon shiga Wikipedia kada ya fara da ƙirƙirar maƙala, don wadda ba ta da madogara ana iya goge ta, gwiwa ta yi sanyi. Ya fara da gyaran kurakuran rubutu a waɗanda ke akwai, ya ƙara madogara inda babu, hannu ya faɗa tukuna.