Harshe Sai da Mutane: Abin da Hungariya Ta Koya Mini

Zaurance ne ya fara sa mini son wasa da harshe. Ni da 'yan'uwana mukan cusa gaɓa a tsakiyar kalma don kada manya su gane abin da muke ƙullawa. Sauran yara suka girma suka bari, ni kuwa abin ya bi ni har sakandare, inda na ci karo da littattafan J.R.R. Tolkien, malamin Jami'ar Oxford da ya rubuta The Lord of the Rings, wanda aka buga a 1954 da 1955. Labarin ya burge ni, amma abin da ya hana ni barci shi ne jin cewa mutumin ya ƙirƙiri harsuna sukutum, da nahawunsu da haruffansu. Quenya ya ɗora shi a kan zaƙin harshen Finlan, Sindarin kuma a kan harshen mutanen Wales. Shi da kansa ya bayyana cewa harsunan ne suka riga zuwa, labarin ya biyo baya don su sami masu magana da su.

Ni ma na sayi littafi mai bangon kwali na duƙufa. Na tsara yadda jam'i zai kasance, na raba lokutan aikatau, na raɗa wa taurari da duwatsu da sarakuna sunaye. Har yau ina ganin darajar wannan aiki, domin shi ya buɗe mini kunne. Wanda ya taɓa gina nahawu da hannunsa ba ya jin tsoron nahawun kowa.

Da Allah ya kai ni birnin Debrecen na ƙasar Hungariya karatun likita, da Turanci ake koyar da mu, amma ba a shiga ɗakin marasa lafiya sai da harshen ƙasa, wato Magyar. Harshe ne na mutum kusan miliyan 13, dangin na Finlan da na Estoniya ne na nesa, ba ya kama da Jamusanci ko harsunan Slab da ke kewaye da shi. Ana jera ɗafe-ɗafe a ƙarshen kalma har ta ɗauki abin da jimla guda za ta ɗauka, kuma ba ya bambanta "shi" da "ita". Yaransu ma suna da nasu zaurancen, suna kiransa harshen tsuntsaye.

Tarihin harshen ne ya fi girgiza ni. A 1784 Joseph na Biyu, sarkin da ke mulkin ƙasar a lokacin, ya ba da umarni a riƙa gudanar da mulki da Jamusanci. A 1791 masanin Jamus Herder ya yi hasashen cewa nan gaba za a iya neman harshen Magyar a rasa. Sai wasu marubuta suka tashi tsaye, jagoransu Ferenc Kazinczy, wanda ya sha ɗaurin shekaru saboda siyasa, aka sake shi a 1801. Daga ƙauyen Széphalom ya riƙa aika wasiƙu ga marubutan ƙasar. Suka tono tsofaffin kalmomin da aka manta, suka ɗebo na karkara, suka ƙera sababbi don kimiyya da falsafa da kayan zamani. An yi musu ba'a ƙwarai; a 1813 aka fitar da wata ƙasida mai suna Mondolat don a muzanta Kazinczy, kuma malaman Debrecen ɗin da na zauna suna cikin waɗanda suka ja da shi. Kalmomi da yawa sun mutu a kan takarda, amma kimanin dubu goma sun shiga bakin jama'a, har yau da su ake ciniki da karatu. A 1825 István Széchenyi ya ba da kuɗin shigar gonakinsa na shekara guda don a kafa cibiyar raya harshen, a 1844 kuma Magyar ya karɓi matsayin harshen hukuma daga hannun Latin.

Duk wannan a littafi na karanta. Inda na gan shi da idona shi ne bakin gadon wata tsohuwa da aka turo ni in ɗauki bayanin ciwonta. Na gaishe ta da "néni", kamar yadda ake kiran iyaye mata a can, na jero tambayoyin da na haddace. Ta kama hannuna ta ɗora a ƙasan haƙarƙarinta na dama, tana maimaita wata kalma a hankali, tana kallon fuskata ta ga ko ta shige ni. Da ta ga ban kama ba, sai ta dunƙule hannu ta matse, ta saki, ta sake matsewa. Murɗa take nufi, mai zuwa yana tafiya, ba suka ba. Wannan bambanci shi ya nuna wa malaminmu hanyar matsarmama. Da na koma masauki na buɗe tsohon littafina, sai na tarar akwai sunan takobi iri-iri, babu kalma ɗaya ta murɗar ciki, domin babu wanda cikinsa ya taɓa murɗawa a wannan harshe.

A nan na fahimci abin da Tolkien ya riga ya sani, wanda ya sa sai da ya ƙirƙiri al'umma da tarihi da baƙin ciki kafin harsunansa su yi numfashi. Mutanen Kazinczy su ma ƙirƙira suka yi, amma sun yi ta ne don mutanen da ke raye, masu buƙatar a yi musu shari'a da magani da karatu cikin harshen da suka sha a nono. Hungariya ta san ɓangarorin biyu. Kálmán Kalocsay, likita ne a Budapest, yana cikin manyan mawaƙan Esperanto, harshen da Zamenhof ya ƙirƙira a 1887. Ko Esperanto bai rayu don kyan tsarinsa ba, ya rayu ne don ya sami masu gaisawa da yin gardama da shi.

Tun da na dawo gida nake aiki da wannan darasi. Idan dattijo ya zauna gabana ya ce, "Likita, jikin nan ya ƙi," nakan ce, "Baba, faɗa mini yadda kake jin sa," in bar shi ya kawo kalmarsa kafin in kawo tawa. Hausa ba ta gaza ba. Da bakin jama'a aka sami hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki, kamar yadda gidajen rediyo suka zaunar da sunan Majalisar Ɗinkin Duniya. Abin da ya rage shi ne fannonin da masu iliminsu ba su zauna sun yi musu suna ba, sai mara lafiya ya fita daga ɗakin likita da takarda a hannu, bai san abin da ke damunsa ba.

Don haka nake kira ga likitoci da injiniyoyi da lauyoyi da malaman kimiyya masu jin Hausa: kowa ya ɗauki fanninsa ya bayyana shi da harshen uwarsa, ya gwada kalmar a kunnen mutanen unguwa. Wadda suka karɓa a rubuta ta, wadda suka ƙi a nemo wata. Masu ilimin Hungariya sun yi wannan aiki shekaru ɗari biyu da suka wuce, kuma jikokinsu na cin moriyarsa. Namu yana jiran mu.