Tafarnuwa Ba Ta Maye Gurbin Ƙwayar Suyula

A nan Shuwak, bakin kogin Atbara, da wuya ka shiga unguwar Hausawa ba ka ji labarin wani da aka yi wa aikin zuciya ba. Galibi ciwon maƙogwaro ne tun na ƙuruciya da ba a magance shi ba, ya gangara ya lalata ƙyauren zuciya, wanda likitocin nan ke kira sammam. Tun da aka buɗe asibitin Salam na ƙungiyar Emergency a Soba, kusa da Khartum, cikin 2007, 'ya'yanmu da dama sun dawo gida da ƙyauren ƙarfe a ƙirji, kyauta. In dare ya yi tsit har ƙarar sa kake ji kamar agogo.

Amma da sharaɗi: ƙwayar warfarin, wadda muke kira suyula, kullum har ƙarshen rai, tare da awon jini na INR a kai a kai. Jini yakan daskare a jikin ƙarfe. In gudan jinin ya ɓalle ya haye ƙwaƙwalwa sai shanyewar ɓarin jiki, in ya toshe ƙyauren kuwa sai dai Allah ya kiyaye.

Da yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 hanyar Khartum ta yanke, a Disamba kuma Wad Madani ta faɗi. Magani ya yi wuya, awo ya fi shi wuya. Nan fa shawarwari suka yi yawa a zaure da wurin suna: a sha tafarnuwa, a sha citta da kurkum, ai su ma suna tsinka jini. Masu faɗar haka iyayenmu ne da ƙannenmu, tausayi ne ya sa su, ba mu ga laifinsu ba. Mu ma ba mu raina habbatus sauda.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, babu ganye ko saiwar da aka tabbatar tana kare ƙyauren ƙarfe. Kai, har sabbin ƙwayoyin Turai sun gaza: an gwada dabigatran, aka dakatar da gwajin, sakamakon da ya fito a 2013 ya nuna ƙarin shanyewar jiki da zubar jini. Ita kanta warfarin asalinta wata ciyawa ce da ta ruɓe ta riƙa kashe shanu a Amurka da Kanada wajen 1920. Bambancinta da sassaƙe shi ne ana auna ta, ana kuma auna aikinta a jini.

Haɗa ta da tafarnuwa mai yawa na iya jawo haɓo da zubar jini. Miyar lalo da zogale kuwa rage mata ƙarfi suke yi saboda bitamin K. Likitoci ba su hana ci ba, cewa suke a ci daidai wa daida, kada yau tuli gobe babu. Matar da ta samu ciki ta garzaya asibiti tun da wuri, domin ƙwayar na iya taɓa ɗan tayi. Wanda kuma ƙwayarsa ta kusa ƙarewa, tun da sauran ta kwana goma ya kamata dangi su haɗa masa kuɗin motar Gadarif.