Hatimin Kakana

A cikin gafakar kakana, a Maradi, akwai wata takarda da hannu ya riga ya baƙanta gefenta. Hatimi ne mai gida tara, uku-uku. In ka mai da haruffan lambobi, layin sama 4, 9, 2 ne, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. Duk ta inda ka haɗa, a tsaye, a kwance ko a karkace, 15 za ka samu. Ina aji huɗu a lakwal na gano haka, na yi ta tsalle sai ka ce ni na ƙago shi. In naƙuda ta yi tsawo a unguwa akan aiko, tsoho ya rubuta shi a allo, a wanke a kai. Ranar da na tambaye shi wa ya fara wannan abu, bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Annabi Idirisu. Shi ya fara riƙe alƙalami, shi ya fara ɗinki, daga gare shi hisabi ya hito."

Na riƙe wannan amsa har tarminal. Can mushen filo ya rubuta mana a allo cewa a Girka aka haifi falsafa, a ƙarni na 6 kafin Annabi Isa, kuma Talas ne ya buɗe hanya. Muka kwafa cikin kaye, tunda bak na jiranmu. Da na zo jami'a a Yamai, sai na faɗa hannun wani abokin fada wanda ba ya rabo da littafin Cheikh Anta Diop na 1954. Shi kam bai da wata-wata: Girkawa almajiran Masar ne da suka ci gari suka manta da malaminsu, Masar ɗin kuma ta baƙar fata ce. A gida kuwa ga ɗan baffana, wanda ke cewa duk wani hatimi sihiri ne, asalinsa Babila, wajen Haruta da Maruta.

Mutum huɗu, mafari huɗu. Abin da ya jima bai bayyana gare ni ba shi ne, ba ɗaya cikinsu da ya tsaya a kan abin da ke cikin ilimin. Kowa na neman wanda ya fara, don a ganinsa da an gano uba shari'a ta ƙare.

A shekara ta biyu na ci karo da labarin da ya rikita ni. Malaman Musulunci na da, irin su Abu Ma'ashar, masanin taurari na Bagadaza, sun ɗauka cewa Annabi Idirisu shi ne Hirmis, wanda Girkawa ke yi wa kirari da mai girma sau uku. Ashe kakana, da bai taɓa jin sunan Girka ba, yana tsaye kan wata tsohuwar magana da ta zagaya duniya. Wajen 1460 wani limamin Kirista ya kawo wasu rubuce-rubucen Girkanci da aka jingina wa Hirmis zuwa birnin Filorens a Italiya. Attajirin garin, Cosimo de' Medici, ya tsufa yana ganin kabari kusa, sai ya umarci malaminsa Marsilio Ficino ya ajiye fassarar Aflatun ya fara da Hirmis. Dubi wannan fa: Aflatun guda aka ce ya jira layi! Dalilinsu, Hirmis ya girme shi, ya yi zamani kusa da Annabi Musa, to lalle shi ne idon ruwan da kowa ya sha. An gama fassarar a 1463, Turai ta yi shekara ɗari da hamsin tana girmama littattafan.

Sai a 1614 wani masani, Isaac Casaubon, ya zauna ya duba harshen da kansa. Ya tarar da kalmomin da Girkawan farko ba su san su ba, ya tarar an ambaci Fidiyas, masassaƙin da ya rayu ɗaruruwan shekaru bayan Annabi Musa. Ya ce rubutun nan na bayan haihuwar Annabi Isa ne. Kuma a kan zamanin ya yi gaskiya: yau an yarda cewa a Masar aka rubuta su da Girkanci, a ƙarnonin farko na miladiyya. Kamar a nuna maka takardar gona a ce ta kakan kakanka ce, ka duba ka ga da biro aka rubuta ta.

Da wannan makami na koma gida hutu. Yau in na tuna, kunya nike ji. Na iske tsoho a zaure yana feƙe alƙalami, na zauna na zazzage masa duka, har da ƙarin da na samo: cewa mutanen Sin sun san wannan gida tara tun wajen shekara dubu biyu, kuma su ma suna da tasu tatsuniya, wai a bayan kunkuru aka gan shi yana fitowa daga kogin Luo. Na ce, "Kaka, ka gani, ba Idirisu ba ne. Kowa dai tura abinsa yake can baya don a ji tsoronsa."

Ya daɗe shiru. Sannan ya ce, "Aboki, mi ka ce sunan Nasaran?" Na faɗa. Ya ce, "To shi da ya gano ranar haihuwar takarda, ya hwaɗa maka ko abin da ke ciki gaskiya ne?" Na ce wannan wata magana ce daban. Ya ce, "Ai ni ma shi na gani." Ya ci gaba da fiƙarsa. Amma daga ranar bai ƙara buɗe gafakar a gabana ba, kuma wasan jika da kaka da muke yi ya ragu.

Ba zan ce ya kayar da ni ba, don har gobe ina tare da Casaubon. Ƙarya kan asali ƙarya ce, ko da niyya mai kyau aka yi ta, kuma ilimin asiri ya fi kowane ilimi son wannan dabara, tunda ba ya yarda a gwada shi a fili, sai ya jingina da tsufa. Sai dai tambayar tsoho ta kama ni ta wani gefe. Na tafi da tunanin in abu bai tsufa kamar yadda aka ce ba, to ya zama wofi, wanda shi ne tunanin Cosimo aka juya shi baibai. Ko Casaubon ɗin ma bai rufe maganar ba. A 1945 an tono littattafan Kibɗanci a Nag Hammadi, har da na Hirmis a ciki, masana suka koma suna ganin cewa tunanin Masar na da hannu sosai a cikinsu, ba kwalliya ce kawai ba. Abokina na fada ya ji daɗin wannan ƙwarai, ko da yake bai kai inda yake so ya kai ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutumin da ba wanda ya ambata mini, ba mushe ba, ba abokina ba, ba ma kakana ba. Muhammadu al-Kashinawi, Bafillacen malami daga Katsina, ya je hajji ya zauna Alƙahira, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara: uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai. Ya rasu can a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Mu Katsinawan Maradi, da sarkinmu ke amsa sunan Sarkin Katsina har yau, wannan namu ne. Bai fara komi ba. Ya karɓa, ya yi aiki a kai, ya bayyana ƙa'ida, ya miƙa. Muna ta rigima kan wanda ya haƙa rijiya a Masar ko Girka, ga wanda muka san sunansa da garinsa da shekarar mutuwarsa, mun bar shi. Da shi na kai wa tsoho a zaure, ina jin da hirar ta yi daɗi.

Ban samu na kai masa ba. Ya rasu da damina, ina Yamai ina jarrabawa. Bayan sadakar arba'in aka zo kan gafaka. Ɗan baffana ya ce a ware Alƙur'ani da littattafan fiƙihu, saura a ƙona. Baffa ya ce a bizne. Na ce a ba ni. Ɗan baffan ya dube ni ya ce, "Kai da ka ce ba ka yarda da su ba?" Na ce ban yarda suna saukar da naƙuda ba, mai naƙuda likita za a kai ta. Ya ce to mi za ka yi da su? Na rasa amsar da za ta gamsar da shi, amma inna ta sa baki aka bar mini.

Takarda 63 ne, gara ta taɓa bakwai. Na kai su wajen mai fotokopi, dala biyar-biyar, yana ta kallona. A bayan ta gida taran, da ƙaramin ajami, tsoho ya rubuta sunan malamin da ya ba shi, da na wanda ya ba malamin, da wani na uku da tawada ta cinye rabinsa. Sunan Idirisu ba ya wurin. Ƙarƙashin nasa sunan akwai fili kamar faɗin yatsa biyu.